Mai Jiran Wutsiyar Magana

A ƙarshen shekarar 1999 ina yi wa wani Alhaji aiki a Kano, mai fitar da riɗi da zoɓo ƙasashen waje. Daga kasuwar Dawanau muke tara kaya, a sheƙe, a auna, a ɗinke buhuna, a loda wa tirela sai Legas. Ni ne ɗan bokon gidan, saboda haka duk abin da ya shafi takarda a wuyana yake rataye. Masu sayen kayanmu na Turai suka fara mita cewa faks ɗinmu ba ya karantuwa, adadi sai ya fito rabi da rabi, ba a san takwas ba ne ko uku. Su dai a koma imel. Da Alhaji ya dawo daga wata tafiya Landan, sai ya dire mini wani ɗan kwali a kan tebur, ya ce, "An ce abin nan yana aika wasiƙa. Kai ka san yadda za ka yi da shi." Ya tattara babbar rigarsa ya fice.

Palm III ce a ciki, 'yar kwamfutar da ba ta wuce tafin hannu ba, wadda aka fito da ita a Amurka a 1998. Fuskarta toka-toka ce, ba launi, batir biyu ƙanana take ci irin na rimot, kuma ba ta da madannai. Da wani tsinke ake rubutu a ɗan filin da ke ƙasan fuskar, kuma ba rubutunka na yau da kullum take ganewa ba. Tana da nata salo mai suna Graffiti, kusan kowane harafi zane ɗaya ne ba ɗaga hannu: A ba ta da sandar tsakiya, T kuwa sai ka rantse lamba bakwai ce. Mako guda na yi ina fama da ita kamar kolon da aka miƙa wa sabon allo.

A cikin kwalin akwai modem, wani ɗan takalmi da ake cusa ƙasan na'urar a ciki, shi ma da nasa batir biyu da kafar da ake zura igiyar tarho. Gudunsa 14,400 ne, wato idan layi ya yi kyau yana kwashe haruffa wajen dubu ɗaya da rabi a sakan guda. Muna da babbar kwamfuta a ofis, amma ita sai da wuta, wuta kuwa baƙuwa ce. Layin tarho yana zuwa da nasa ɗan lantarkin daga can cibiyar waya. Ke nan ko gari ya yi baƙi ƙirin, ni da 'yar na'urata da batir huɗu muna iya ɗauko wasiƙar Bature. Wannan kaɗai ya sa na ƙaunace ta.

Lokacin ba a kawo wayar hannu ta GSM ba, sai a 2001 ta shigo. Shiga intanet buga tarho ne, kamar yadda za ka buga wa ƙaninka a Kaduna, illa dai wanda zai ɗauka a can ƙarfe ne. Da farko na'ura za ta yi wa modem magana da wani yare da kamfanin Hayes na Atlanta ya fito da shi a 1981, wanda duniya ta bi. Kowane umarni a wannan yare da haruffa biyu yake farawa, AT, guntun kalmar Turanci mai nufin "saurara". Modem ya amsa da OK. Sallama ke nan da amsawa. Sai a ba shi lamba ya buga. In an yi sa'a ba a tarar layi a cike ba, na can ya ɗauka da wani siririn fito, naka ya mayar, daga nan su kaure da ƙugi da ƙara da shuuu kamar an zuba ruwa a cikin mai mai zafi. Ba hauka suke ba, ciniki suke yi. Suna gwada layin su ga nawa zai iya ɗauka. In damina ce ruwa ya shiga waya, sai su yi ragi, su sauko 9,600 ko ƙasa da haka, su shirya a kan abin da ya samu. Sai kuma tsit.

Bayan shirun ne ainihin zancena yake. Babbar kwamfutar kamfanin da ke haɗa mu da intanet za ta tsaya a bakin ƙofa ta tambaye ka wane ne kai, sannan ta nemi kalmar sirri. A kwamfutar ofis wata baƙar taga ce take buɗewa, ka ga tambayar da idonka ka buga amsa da yatsunka. A Palm babu wannan taga. Sai dai ka rubuta mata jerin umarni tun kafin a buga, kamar yadda ake kitsa wa yaro saƙo kafin a aike shi gidan surukai: in ka je ka yi sallama, ka jira, in an ce wane ne ka ce ɗan gidan wane ne, ka jira, in an ce me ke tafe da kai ka faɗi kaza. Kalmomin nata ma ba su da yawa. Jira kaza. Aika kaza. Aika suna. Aika kalmar sirri. Dakata sakan kaza. Ƙarshe.

Na kwana biyu ina rubutawa ba ta shiga. Na ɗauke ta na tafi ofishin kamfanin, wani yaro mai gilashi ya duba, ya yi dariya, ya ce, "Yallaɓai, ai ba a rubuta kalmar gaba ɗaya. Yanke mata kai ake yi." Kalmar da ƙofar ke tambaya da ita ita ce "login:", amma wata kwamfutar da babban harafi take farawa, wata da ƙarami, wani lokaci kuma ƙazantar layi ta cinye harafin farko. Saboda haka masu wannan sana'a a ko'ina cikin duniya sai su ce wa na'ura ta jira "ogin:" kawai, a wurin kalmar sirri kuma ta jira "assword:". Kada ta damu da kan magana. Da ta ji wutsiya ta saki amsa.

Ranar da abin ya yi aiki na ji kamar na gina gada. Taɓawa ɗaya da tsinke, in ajiye ta a kan tebur in juya in zuba shayi, kafin in gama motsa sukari wasiƙu sun sauko. Da farko na bar gurbin kalmar sirri fanko don ta riƙa tambayata kowane shiga, amma Graffiti sai ya mayar mini da biyar ta zama S, a kore ni, kuɗin bugu ya tafi a banza. Na gaji na damƙa mata sirrin ma. Daga ranar ban ƙara faɗa wa ƙofar nan sunana da kaina ba.

Mun yi wata huɗu lafiya. Wata safiya sai ta ƙi. Modem zai yi kukansa, su shirya da na can, sannan a tsaya cak har layi ya katse. Na buga ya fi sau goma. Na canja batir, na canja igiya, na hura kafar da baki kamar mai hura wuta. Can na tuna yaron nan ya nuna mini cewa in ka danna ƙasan maɓallin tsakiya lokacin da take shiga, za ta nuna maka zancen da ke gudana a ɓoye. Na danna. Ashe kamfanin sanarwa ya ƙara a bakin ƙofa, yana gaya wa jama'a cewa ƙarshen wata za a sauya lambar da ake bugawa, ga sabuwar. A cikin sanarwar akwai kalmar nan da wutsiyarta da ɗigonta biyu. 'Yar na'urata tana jin "ogin:" ta wurga sunana a tsakiyar maganar mutane, ta wuce tana jiran a tambaye ta sirri. Da aka gama sanarwa aka yi tambayar gaskiya, ita ta riga ta amsa a inda ba a tambaye ta ba. Na can yana jiran suna, tawa tana jiran a nemi sirri, kowa na jiran kowa, mita tana cin kuɗin Alhaji. Kwana biyu ana faɗa mata labari mai muhimmanci tana amsawa da "ɗan gidan wane ne".

Gyaran bai ɗauke ni minti biyar ba, kuma da abin ya tsaya nan da tuni na manta. Abin da ya hana ni mantawa ya faru ne a makon, a ƙofar gidanmu.

Muna da maƙwabci, dattijo, tela, kowa Baba yake ce masa. Kullum da safe in na turo babur zan same shi yana buɗe shago. Gaisuwarmu ba ta canjawa. Ran nan na makara, ga tirela tana jira a Dawanau, ƙafata ɗaya a kan kik.

"Baba ina kwana?"

"Lafiya lau."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Yaya iyali?"

"Wallahi ɗana, mai ɗakin ce, jiya da dare muka kai ta asibiti. Jikin ya yi tsanani."

"To madalla, a gaishe su."

Na tayar da babur na tafi. Sai da na kai wajen danja ta biyu maganar ta iso kunnena, kamar wasiƙar da ta kwana a hanya. Na ji wani sanyi ya tsarga mini daga ƙeya har gadon baya. Kowa ya san Bahaushe ko yana kwance ana ƙara masa ruwa, in ka ce yaya jiki "da sauƙi" zai ce. Gaisuwarmu an gina ta ne a kan amsar da aka sani, kuma wannan ba aibi ba ne, sutura ce. Saboda haka in ka ga dattijo kamar Baba ya fasa tsarin ya ce jiki ya yi tsanani, to abin ya kai inda ya kai. Ni kuwa ban ji komai ba sai faɗuwar muryarsa a ƙarshen jimla. Na ji wutsiya, na saki amsa. Bayan kwana uku aka yi jana'izarta.

Tun daga nan na fara kama kaina ina yin haka a wurare da yawa, kuma mafi yawansu a masallaci ne. Liman yana karatun Fatiha, ni ina can ina lissafin buhu nawa ya rage a cika kwantena, amma da ya ja dogon maddin nan na kalmar ƙarshe sai in ji bakina ya ce amin tare da kowa, daidai lokaci, ko sakan ban makara ba. Wata Juma'a da Asuba tafiya ta kai ni wani masallaci inda liman ya karanta Suratus Sajda. Da ya zo ayar sujada ya yi kabbara, mutanen unguwar da suka saba suka zube ƙasa, ni da wasu baƙi biyu muka tsaya a ruku'u, hannu a gwiwa, muna waige-waige. An kitsa mini cewa kabbarar da ta biyo bayan sura ruku'u ce. Ayar da aka karanta kuwa ban ji ta ba.

Akwai zauren da nake ɗaukar karatun Risala tsakanin Magariba da Lisha. Wani dare bayan an tashi na tsaya, na fito da na'urar na nuna wa Malam. Ya jujjuya ta a hannu, ya kai ta kusa da fitila. Na yi masa bayanin jerin umarnin nan, na ce, "Allah gafarta Malam, in an tambayi mutum wane ne kai, ƙarfe ya amsa da sunansa alhali shi yana can yana shan shayi, shi ne ya shiga ko ba shi ba ne?"

Ya ce, "In wata ya ƙare wa ake kai wa takardar kuɗi?"

Na ce, "Mu."

Ya ce, "To ai ka ba kanka amsa. Wakili ne, kuma abin da wakili ya ƙulla yana kan wanda ya wakilta shi. Amma ba wannan ka zo tambaya ba."

Gaskiya ya faɗa. Na ba shi labarin Baba tela da na ruku'un nan. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce malaman fiƙihu sun raba ayyuka gida biyu. Akwai waɗanda suke karɓar wakilci: ciniki, biyan bashi, ɗaurin aure, raba zakka, yanka layya. Akwai waɗanda ba sa karɓa, kamar salla da rantsuwa. Ya ce in ka duba na farko, abin da ake nema shi ne abu ya isa inda aka nufa. Talakan da aka kai wa zakka ba ruwansa da hannun da ya miƙo, hatsi ya shiga tukunya ke nan. Na biyun kuwa ba saƙo ake jira ba, kai ake jira. Allah ba Ya buƙatar a kai maSa raka'a huɗu kamar yadda ake kai wa Baturenku buhun riɗi. Da haka ne da attajirai sun ɗauki ma'aikata. Ya ce shi ya sa ma malamai suka ƙi yarda a kunna kaset a maimakon ladan, ko da muryar kaset ɗin ta fi daɗi, don kiran salla ibada ce mai neman mai niyya a bayanta.

Na ce to ashe sallolina na shekaru sun tafi a iska. Ya ce in bar gaggawa. Ya kawo mas'alar azumi. A mazhabarmu ta Malikiyya, niyya ɗaya a daren farko na Ramadan ta wadatar wa watan gaba ɗaya, ba sai an sabunta kowane dare ba kamar yadda Shafi'iyya suke cewa. Ka ƙulla sau ɗaya, ta ɗauke ka kwana talatin ko ashirin da tara. Amma da sharaɗi. In wani abu ya yanke jerin, rashin lafiya ko tafiya ko al'adar mata, to sai an sake ƙullawa kafin a ci gaba. Haka salla: an nemi niyya ta kasance tare da kabbarar harama, in hankali ya yi yawo bayan haka sallar ba ta ɓaci ba, an sauke farali. "Wato shari'a ta san da wa take hulɗa," in ji shi. "Ba ta ɗora maka abin da ba za ka iya ba. Lada ne dai kowa da gwargwadon abin da ya halarta."

A nan ne na gaya masa wani abu game da modem wanda har yau nake ganin shi ne zuciyar al'amarin. Shirun da ake ji bayan sun gama ciniki ba shiru ba ne, lasifika ce kawai aka kashe. A cikin waya akwai wani amo da ke gudana ba yankewa tsakanin modem biyu, ko ana aika wasiƙa ko ba a aikawa. Shi ne igiyar da ke ɗauke da komai. Kowanne yana kasa kunne ga amon ɗan'uwansa. In amon ya ɓace, modem irin na tsarin Hayes ba ya haƙurin da ya kai sakan ɗaya da rabi, zai ajiye waya ya sanar da kalmomi biyu, NO CARRIER, wato igiya ta tsinke. Ba ya ci gaba da zuba magana a mataccen layi. Ba ya kunyar cewa an rabu.

Malam ya yi dariya har rawaninsa ya motsa. Ya ce, "Ashe ƙarfen naku ya fi ku gaskiya."

Na daɗe ina juya wannan maganar. Da farko na ɗauka laifin na'urar shi ne ta yi kama da ni, mai amsa wutsiya. Daga baya na ga ta wani gefen ta fi ni. Ita tana da abin da ke gaya mata an katse. Ni kuwa zan iya yin raka'a uku cur a kasuwar Dawanau, baki yana karatu ba tuntuɓe, gwiwa tana lanƙwasa a kan lokaci, ba abin da zai yi ƙara a ƙirjina ya ce kai, tun ɗazu ba kowa a layin nan. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya tsaya a kan wannan a cikin Ihya'u Ulumiddin. Bai musa wa masu fiƙihu hukuncinsu na zahiri ba, amma ya nace cewa halartar zuciya ita ce ran salla, kuma abin da alƙali zai karɓa daban yake da abin da zai amfani mutum a lahira. Masu fiƙihu sun auna abin da idon mutum zai iya gani. Shi yana zancen amon da ke cikin waya.

Na yi wani lokaci ina ganin maganin shi ne a yaƙi sabo gaba ɗaya, komai a yi shi kamar yau aka fara. Na ma koma na cire kalmar sirri daga na'urar don in riƙa rubutawa da hannuna. Mako biyu na yi na mayar. Amma ba lalaci ne kaɗai ya sauya mini ra'ayi ba, Gwaggo ce.

Yayar mahaifina ce, ta haura tamanin, kuma a shekarunta na ƙarshe tunani ya bar ta. Ba ta gane 'ya'yanta. Ni takan kira ni da sunan ƙaninta da ya rasu tun ban zo duniya ba. A ba ta abinci ta ci, a jima ta ce tun jiya ba a ba ta komai ba. Amma da ladan ya ɗaga murya sai ka ga hannunta yana lalube neman buta. In an zaunar da ita an fuskantar da ita gabas, Fatiha za ta fito tas, ba harafin da zai faɗi, ta bi da sura, ta sunkuya, ta ɗago, ta yi tahiya, yatsa yana motsi. Wata rana na zauna a bakin ƙofar ɗakinta ina kallo, na tambayi kaina: wannan jerin umarni ne ke gudu ba kowa a gida, ko kuwa ita ce? Duk abin da ake kira Gwaggo ya zube, suna da fuska da jiya da shekaranjiya. Abin da ya rage a tsaye shi ne wanda ta maimaita sau biyar a rana shekara saba'in. Ban iya kiran wannan fanko ba. Alƙalami ma an ɗauke mata, ba a bin ta komai, amma ga ta a bakin ƙofa tana sallama.

Tun daga ranar na daina zagin sabo. Nawa jerin umarnin a kwana biyu na rubuta shi, a jikin roba, don in huta da tsayuwa a ƙofa. Nata da jikinta ta rubuta, da sanyin Asuba da ruwan randa, don ta riƙa zuwa ƙofar. Dukansu suna gudu ba tare da tunani ba, amma ba abu ɗaya ba ne. Hadda ma ai haka take. Alaramma ya sha wuya ne don harshe ya riƙa tafiya da kansa, kuma amfanin hakan shi ne zuciya ta sami sarari, ta daina kokawa da baƙi da wasali ta koma ga ma'ana. Sabo yana sakin zuciya ne kawai, kamar a kwance wa akuya igiya. Inda za ta nufa bayan an sake ta, wannan ba laifin wanda ya kwance ba ne. Na'urata ta 'yantar mini da sakan arba'in kowace safiya, na zuba su a shayi. Haddar Fatiha ta 'yantar mini da zuciya tun ina ɗan shekara shida, na kai ta Dawanau.

Yanzu abin ya wuce inda muke zato. Wayar da ke aljihuna ba ta kuka, ba ta ciniki, ba ta tambayata ko ni wane ne, kullum a ciki take. Ranar Juma'a saƙonnin addu'a sukan cika WhatsApp, wanda ya turo bai karanta ba, wanda aka turo wa ya manna amin bai karanta ba. A Facebook na ga an sanar da rasuwa, a ƙasa wani ya rubuta "Masha Allah", don ya ga hoton mutum cikin farar shadda. Ban yi masa dariya ba. Na san danjar da maganar za ta iso masa.

Abin da ya rage mini na jingina shi ne wani babi da muke wucewa da sauri a Ahalari, babin rafkanwa. Addinin da ya tanadi sujada ƙabli ga wanda ya rage da ba'adi ga wanda ya ƙara, ya riga ya san layi zai riƙa katsewa. Ya kuma san mutum ba ya jin katsewar da kansa, shi ya sa aka sa wasu a bayansa. Liman da kansa in ya miƙe inda ya kamata ya zauna, wani talaka a sahu na uku zai ce subhanallahi, ya dawo da shi. Ƙarar da babu ita a ƙirjina an ajiye ta a bakin ɗan'uwana. Na'urata ba ta da mamu, shi ya sa ta kwana biyu tana amsa abin da ba a tambaye ta ba, sai da na leƙa.

Bayan sadakar bakwai na sami Baba shi kaɗai a shago, yana zura zare a allura yana kuskurewa. Na durƙusa na ce, "Baba, ran nan ka faɗa mini magana na amsa maka da abin da bai dace ba. Ka yafe mini." Ya ɗan yi shiru, ya ce, "Ban riƙe ka ba, ɗana. Ni ma ba kai na nufa ba, cikina ne ya cika ya zubo, kai ne a kusa." Ya miƙo mini allurar na zura masa.

Ita kuwa Palm tana nan a cikin durowa. Irinta in batir ya mutu aka bar ta haka, duk abin da ke cikinta gogewa yake yi, don haka jerin umarnin nan da sunana da sirrina sun daɗe da tafiya. Baba ma ya rasu, shagonsa yanzu wurin cajin waya ne. Ni ina nan, kuma ban warke ba. In mun haɗu a hanya, mai karatu, ka faɗa mini damuwarka ka ji na ce madalla, don Allah kada ka saki hannuna. Riƙe shi ka maimaita.